Hukuncin karanta ƙagaggun labaran marubutan Ingila don hutawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma tun ina sakandare nake son littattafan marubutan Ingila, musamman na binciken kisan kai irin na Agatha Christie, da kuma waɗanda mutum yake rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa. Ina sayen su wurin masu tsofaffin littattafai, ina karantawa bayan Isha'i. Kwanaki ƙanena ya ga tarinsu a ɗakina, ya ce duk ƙarya ce, kuma su ne "lahwal hadisi" (wato zancen banza mai shagaltarwa) da Alƙur'ani ya zarga. Ba zan ɓoye ba, sau biyu ina makara sallar Asuba saboda na ƙi ajiye littafi sai na gano wanda ya yi kisan. Shin in ƙone su ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka wa ƙanenki da alheri a kan kishinsa, amma hukuncin da ya yanke ya fi abin da dalilai suka nuna faɗi.

Ƙaryar da Shari'a ta haramta ita ce mutum ya ba da labarin abin da bai faru ba, yana nufin mai sauraro ya ɗauka ya faru. Shi kuwa ƙagaggen labari, marubucin da mai karatu duk sun san ƙirƙira ce tun daga bangon littafin, don haka babu wanda aka yaudara. Malamanmu ba baƙin wannan fanni ba ne. Muƙamatul Hariri, wadda har yau ake karantar da ita a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa domin ƙwarewa a luga, labarai ne hamsin na wani mai wayo, Abu Zaid as-Saruji, waɗanda Hariri ya tsara da kansa, kuma a gabatarwar littafin ya kare aikinsa da cewa ya yi daidai da hikayoyin da ake ɗora wa dabbobi. Hariri ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, kuma tun daga lokacin malamai ke yi wa littafin sharhi. Akwai waɗanda suka ƙi ƙagaggen labari gaba ɗaya, suna kafa hujja da hadisin da ya yi narko ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, sai dai abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne hadisin yana magana ne a kan wanda yake sayar da ƙaryarsa a matsayin gaskiya.

Ayar da ƙanenki ya kawo ita ce ta 6 a Suratu Luƙman, kuma ya kamata a karanta ta har ƙarshe, domin ta bayyana nufin mai sayen zancen banzan: ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah, ya kuma mai da ita abin izgili. Malaman tafsiri da yawa sun ambaci Nadru ɗan Harisu, wanda yake zuwa da labaran Rustum da Isfandiyar daga Farisa, ya zauna yana ba Ƙuraishawa domin ya janye su daga sauraron Alƙur'ani. Wadda ta sallaci Isha'i, ta yi lazimin dare, sannan ta buɗe littafi don ta huta, ba ta cikin wannan siffa. Kasancewar marubucin ba Musulmi ba ne shi ma bai isa ya haramta ba, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi Sharidu ya rera masa waƙen Umayya ɗan Abis Salti, yana cewa ya ƙara, har ya kai baiti ɗari, alhali Umayya bai musulunta ba.

Saboda haka hukuncin yana bin abin da ke cikin littafin ne. Labaran binciken laifi na gargajiya, irin waɗanda suka shahara tun bayyanar Sherlock Holmes, wani ƙagaggen mai binciken laifi, a 1887, gininsu shi ne an yi ɓarna, an bi sawu da hankali da lura, an tona asirin mai laifi. Kisa a cikinsu abin ƙyama ne, kuma ba a rufe littafin sai gaskiya ta yi halinta. Za ki ga mutanen labarin suna shan giya ko suna zuwa coci, domin rayuwarsu ke nan, kuma hakaito abu ba yarda da shi ba ne. Alƙur'ani da kansa ya hakaito maganganun Fir'auna. Abin da ya haramta shi ne littafin da aka gina a kan siffanta batsa don tayar da sha'awa, ko izgili ga Allah da annabawansa, ko koyar da tsafi da kiran ruhohin matattu a matsayin abin gaskatawa. Idan kika ci karo da irin wannan, ki rufe shi, kada kuma ki ba da shi aro.

Inda na fi so ki yi hattara, kuma mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne littattafan tarihin rayuwa, domin su ne suke da'awar gaskiya. Mai rubuta rayuwarsa shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma waɗanda ya ambata da sharri sau da yawa sun riga sun mutu, ba su da bakin kare kansu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin jami'an mulkin mallaka da suka yi aiki a nan bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 sun bar rubuce-rubuce a kan sarakunanmu da malamanmu, da idon wanda ya ci yaƙi. Akwai amfani a karanta su, har ma ina ƙarfafa masu ilimi su karanta, amma aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari, don haka kada ki ɗauki zargin da ke ciki ki yaɗa shi kamar tabbatacce.

Maganar Asuba kuwa ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarki. Hutawa halal ce, kuma Annabi ya ce wa sahabinsa Hanzala "sa'a da sa'a", wato lokaci na ibada, lokaci na hutu da harkokin rayuwa. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa yana ƙin hira bayan Isha'i, kuma daga cikin hikimomin da malamai suka ambata har da tsoron makara. Waɗannan littattafai an tsara su ne ta yadda kowane babi zai ƙare da abin da zai hana ki rufewa. Duk daren da kika san, ko kika fi kyautata zaton, cewa karatun zai kai ki ga fitar da salla daga lokacinta, to karatun wannan daren haramun ne a kanki. Ki nemi gafarar Allah a kan sau biyun nan, ki mayar da karatun zuwa hantsi ko bayan La'asar tunda ritaya ta ba ki sarari, kuma ki gabatar da izunki na Alƙur'ani kafin ki taɓa su.

Kada ki ƙone littattafan, domin an hana tozarta dukiya. Ki tace su, ki fitar da wanda ya ƙunshi abin da na ambata, ki riƙe sauran, sannan ki karanta wa ƙanenki wannan amsa cikin lumana.

Wallahu a'alamu.