Motata tana ƙara in na taka totur, wai sai an sauke inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf 3 da nake ɗaukar fasinja da kaya daga ƙauyenmu, gefen Gumel, zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Yau kusan wata guda ke nan, da na taka totur sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, musamman in zan sha kwana. In na hau miƙaƙƙiyar hanya sai ta yi shiru. Wani bakanike ya ce sai an sauke inji. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka bari a taɓa injin nan tukuna. Inji bai san kwana ba. Ko ka miƙe ko ka karya sitiyari, aikinsa ɗaya ne. Ƙarar da ke jiran sai ka sha kwana kafin ta fito, a wajen taya take, kuma yadda ka kwatanta ta, zargina ya fi ƙarfi a kan shaf.

Golf 3 da tayoyin gaba take ja. Shaf ne ke ɗauko ƙarfi daga giyabos ya kai wa taya, kuma a bakinsa na wajen taya akwai wata gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe a ciki, wadda ke ba taya damar juyawa tana kuma karkata. An cika gaɓar da giris, an rufe ta da baƙar roba mai ninki-ninki. Hanyoyinmu na birji da rairayi su ne abokan gabar robar nan. Kara ko dutse ya tsaga ta, giris ya fice, yashi ya shiga ya dinga cin ƙarfe kamar ana wasa wuƙa. Ga kuma lodin ranar kasuwa.

Ka gwada da kanka, ba ka kashe ko kwabo ba. Ka tsayar da mota, giya a firi, ka ja burkin hannu, ka ba ta wuta. In ba ka ji komai ba, to, zargi ya ƙara nisa da inji. Sannan ka sami fili, ko na makarantar firamare bayan an tashi, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka sa giya ɗaya ka zagaya a hankali kana ɗan taka totur, hagu sannan dama. Wani ya tsaya a waje ya saurari gefen da ƙarar ke fitowa. Daga nan ka durƙusa ka leƙa bayan tayar. Galibi za ka tarar robar ta yage, baƙin giris ya fantsama a cikin wili, ƙura ta manne masa.

Da an gano yagewar tun kafin ƙara ta fara, da wankewa kawai za a yi, a sa sabon giris da sabuwar roba. Amma tunda ta shafe wata tana ƙas-ƙas, ƙarfen ya riga ya ciwu, sai dai a canza kan shaf ɗin, wato gaɓar nan ta wajen taya. Ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsohon a gwada haƙoransa, don ba duka ne ke shiga juna ba. Ka tsaya a kan bakanike ya sa baƙin giris ɗin da aka yi domin shaf, ya ɗaure robar da kilif ɗinta na ƙarfe. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga an naɗe wurin da leda da tsinken waya, a ce wa mai mota ya gama. Bayan kasuwa biyu zai dawo. Kuma kada ka ci gaba da lodi a haka: ranar da gaɓar ta tsinke, inji zai yi ta kuka amma motar ba za ta motsa ba, kana tsakiyar daji da fasinja.

In gwajin fili bai nuna komai ba, sai mu duba wasu wurare. Ƙara mai tsini, tsiii, da safe ko in ka ba ta wuta, fambel ne ya saki ko ya tsufa. Rugugi mai ƙaruwa da totur, salansa ce ta huje. Dum guda ɗaya lokacin tashi ko canza giya, a duba robobin da inji ke zaune a kansu. Akwai kuma wata kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wadda ke fitowa a hawa ko in ka ja lodi da babbar giya. Ita wannan ba ta cika fitowa a tsaye ba. Gurɓataccen fetur na kawo ta, irin wanda akan ci karo da shi a galan a bakin hanya, haka ma taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) da ya goce ko inji mai zafi, don haka a duba ruwan lagireto da fulogi.

Guda ɗaya ce ke sa in yarda a buɗe inji: bugu mai nauyi daga ƙasansa, ƙwan-ƙwan-ƙwan, mai bin saurin inji ko mota na tsaye, balle in fitilar baƙin mai ta kama. In ka ji wannan, ka kashe motar nan take, a jawo ta zuwa gareji.