Filin Tambaya da Amsa: Da Wane Inji Za Mu Haɗa Wasan Dara a Waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jihar Gombe, ina aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta. Ni da wani abokina muna son mu mayar da wasan dara, irin wanda dattawan unguwarmu ke yi a gindin bishiya bayan la'asar, ya zama gem na waya, wanda zai yi aiki a Android da iPhone ba sai mun rubuta shi sau biyu ba. Cikin injinan haɗa gem, wato manhajojin da ake gina wasa a kansu, abokina ya kafe sai Unreal, wai da shi aka yi PUBG Mobile. Ni kuma na fi jin ana ambaton Unity. Laftof ɗina na hannu ne, Core i5, ram ɗinsa giga 8, kuma ba shi da katin hoto na daban, wato ɓangaren da ke sarrafa zane a allo. Na ɗan iya Python da Java. Wanne za mu ɗauka?
Daga wani ɗalibi, Pantami, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka. Ba zan ja ka da nisa ba: da wannan laftof ɗin, da wannan wasan, da irin wayoyin da mutanenmu ke riƙewa, wani inji na uku mai suna Godot nake ba ku shawara. Amma ka tsaya ka ji dalili, don ka samu abin da za ka faɗa wa abokinka.

Bai yi ƙarya ba, da Unreal Engine 4 aka yi PUBG Mobile, kuma kamfanin Epic Games mai injin da shi ya yi Fortnite. Sharaɗinsu ma mai sauƙi ne, sai wasanka ya kawo dala miliyan 1 kafin su fara karɓar kashi 5 cikin ɗari. Matsalar ba ta kuɗi ba ce. An ƙera injin ne don manyan wasanni masu duwatsu da inuwa da mutane na gudu da bindiga, sauke shi kaɗai zai cinye maka giga da dama na data, kuma kwamfutar da ba ta da katin hoto za ta yi ta huci tana zafi kafin ta buɗe shi. Dara kuwa ramuka ne da 'ya'ya a shimfiɗe. Ba a hayar tirela don ɗauko buhun wake ɗaya daga kasuwa. Mu ajiye shi.

Unity kam abin a zauna a yi magana ne. Ya fito a 2005, asalinsa daga Kwafanhagan ta ƙasar Denmak, kuma da shi aka yi Subway Surfers da Pokémon Go da Among Us da Call of Duty Mobile. Ana rubuta masa kod da yaren C#, wanda ya yi kama da Java sosai, don haka ba za ka ji baƙunta ba. Darussansa sun cika YouTube. Duk matsalar da ta tsayar da kai, akwai wanda ta taɓa tsayarwa ya kuma rubuta yadda ya fita. Google da kansa yake kula da mahaɗin AdMob na Unity, wato hanyar sa talla a cikin wasa. Idan burinka bayan bautar ƙasa shi ne kamfanin gem ya ɗauke ka aiki, Unity ya fi yawan fitowa a tallan neman ma'aikata, wannan ba zan ɓoye maka ba.

To me ya hana? Na farko nauyi. Sai ka sauke Unity Hub, ka buɗe asusu, ka sauke injin, sannan kayan Android da ke biye da shi, jimilla giga masu yawa. Zai tashi a ram giga 8, amma duk lokacin da ka gyara layi ɗaya sai ka jira ya sake tattara kansa, batiri na zuba. Wanda ke aiki da wutar da ba ta da alkawari, ko yake kai caji shagon mai sola, ya san darajar waɗannan mintunan.

Na biyu abin da ya faru a Satumban 2023. Kamfanin ya sanar cewa zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowane sauke wasa da aka yi, har santi 20 na dala, daga waɗanda suka wuce wani mataki na kuɗin shiga da yawan masu saukewa. Masu haɗa wasanni suka yi ca a kansa, wasu suka tattara suka koma wasu injinan. Dara ta ci gida: wata ɗaya bayan nan shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka, kuma a Satumban 2024 aka soke tsarin gaba ɗaya. Yanzu kyauta ne matuƙar kuɗin shigarka bai kai dala 200,000 a shekara ba. Gaskiya ko an bar tsarin da wuya ya taɓa ku. Abin da nake so ka riƙe shi ne, sharaɗin yana hannun kamfani, yana iya sake shi ranar da ya ga dama.

Godot ba shi da wannan. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara shi, suka sake shi ga jama'a a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT. Ma'ana babu kuɗin wata, babu kaso, babu buɗe asusu, abin da ka haɗa naka ne. Fayil ɗaya ne, bai kai mega 200 ba, ba ya buƙatar a girka shi. Ka sauke sau ɗaya, ka zuba wa abokinka a filash. Yarensa, GDScript, duk wanda ya taɓa Python zai gane shi da kallo ɗaya. Wasanni shimfiɗaɗɗu irin naku kuwa nan ne ya fi ƙwari. Akwai ma nau'insa da ke aiki a kan wayar Android ita kanta, ko da yake ƙaramin allo na gajiyar da ido.

In za ka buɗe sabon aiki a Godot 4, zai tambaye ka wane tsarin zane kake so cikin uku. Ka zaɓi na ukun, wanda aka yi don tsofaffin na'urori, mai aiki da fasahar zane ta OpenGL ES 3. Sauran biyun sun dogara da wata sabuwar fasahar zane mai suna Vulkan, kuma ba kowace ƙaramar waya ce ke jituwa da shi ba. Ka kuma tsaya a GDScript, domin ɓangaren C# na Godot a waya bai nuna kamar na kwamfuta ba.

Yana da nasa aibin. Kafin ka fitar da wasan zuwa waya sai ka sauke wasu ƙarin fayiloli da suka kai wajen giga 1, ka kuma girka kayan Java da na Android da hannunka. Ranar farko za ta ba ka ciwon kai. Mahaɗin AdMob ɗinsa ma 'yan sa-kai ne ke kula da shi, wani lokaci yakan makara idan sabon Godot ya fito. Ga wasan farko na ɗalibai biyu, ina ganin wannan farashi ne mai sauƙi.

Sai batun "rubuta sau ɗaya, ya hau kowace waya". Gaskiya ne, amma da saura. Dukkan injinan nan suna iya fitar da wasa zuwa Android da iPhone daga kod ɗaya. Sai dai na iPhone dole ya bi ta manhajar Xcode, ita kuma a kwamfutar Mac kawai take aiki, sannan Apple na karɓar dala 99 duk shekara. Google dala 25 yake karɓa, sau ɗaya tak. Ka tsaya a bakin kasuwar waya ta Gombe ka dubi hannun mutane: Tecno ne, da Infinix, da itel, sai Samsung da Redmi jefi-jefi. Dattijon da zai ji daɗin dararka ba iPhone yake riƙe da ita ba. Ku fara da Android, ƙofar iPhone ba za ta rufe ba.

Ka sani kuma, sabon asusun mutum ɗaya a Play Store ba ya fitar da manhaja kai tsaye. Sai aƙalla mutum 12 sun shiga gwajinta na kwana 14 a jere. Ku fara lallashin 'yan ajinku tun yanzu. Mabuɗin sa hannu da za ka ƙirƙira wa wasan kuwa, wato fayil ɗin da ke shaida cewa daga gare ka ya fito, ka adana shi wuri biyu, kada ya tafi tare da laftof ranar da ya mutu.

Kada ka yi gwaji a wayar da ta fi kyau a gidanku. Nemo itel mai ram giga 2, wadda ma'ajiyarta ta cika da bidiyon WhatsApp, a nan za ka san gaskiyar aikinka. Mutanenmu suna duba nauyin manhaja kafin su taɓa ta, kuma ranar da waya ta ce wuri ya ƙare, gem ake fara gogewa. In ƙanƙanta ce babbar damuwarka, ka leƙa Defold, mai aiki da yaren Lua. Ya daɗe a hannun kamfanin King, masu Candy Crush, kafin a miƙa shi ga wata gidauniya a 2020, kuma wasanninsa kan fito ƙanana ƙwarai. Darussansa ne ba su kai na Godot yawa ba.

Babban aikinku ma ba a injin yake ba. Dokokin dara sukan bambanta daga gari zuwa gari, har daga majalisa zuwa majalisa. Ku je ku durƙusa gaban dattawan nan ku rubuta yadda ake zuba 'ya'ya, yadda ake jera uku, yaushe ake ci, me aka hana. Ku rubuta dokokin a fayil nasu daban, kada ku cakuɗa su da zane da sauti, ta yadda ko kun sauya inji gobe ba za ku koma farko ba. Ku fara da mutum biyu a waya ɗaya. Bayan nan ku koya wa wayar yin wasa da dabarar minimax, ta hango motsin abokin wasa kafin a zaɓi nata, wadda na tabbata za ku haɗu da ita a darasin ƙirƙirarriyar basira. Wasa ta intanet yana buƙatar saba, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, da kuɗin riƙe ta, ku bar shi tukuna.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce. Ina son ɗan wasa a waya da zai koya wa yara baƙaƙen Hausa na boko da na ajami, amma ban iya kod ba ko kaɗan. Akwai mafita?
Daga wata malama, Azare, Jihar Bauchi.

AMSA: Barka kadai, Malama, Allah ya saka da alheri. Akwai. Ki gwada GDevelop. Ba a rubuta kod a cikinsa, sharuɗɗa ake jerawa: idan yaro ya taɓa wannan hoton, a kunna wannan sautin, a ƙara masa maki. Yana buɗewa ko a burauza, kuma yana fitar da wasa zuwa Android, sai dai na kyautar yana da iyaka kan yawan fitarwa.

Inda za ki kula shi ne rubutu. Yawancin salon haruffan da ke zuwa da injina ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ki ga ɗan akwati a gurbinsu. Ki sauke Andika ko Noto Sans, duka kyauta ne kuma suna da su. Andika ma don masu koyon karatu aka zana shi. Na ajami kuma akwai Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta zana a kan salon rubutun Kano, da kuma Harmattan. Ajami daga dama yake tafiya, baƙaƙensa na sarƙe da juna, ba kowane inji ke iya wannan da kansa ba. Godot 4 ya iya. Ke da ba ki son wahalar kod, hanya mafi sauƙi ita ce ki rubuta kowace kalma, ki ajiye ta a matsayin hoto, ki sa hoton a wasan. Muryar kuwa ki naɗi taki da waya, a ɗaki mai labule da katifa don kada ta yi amsa-kuwwa. Idan kin yi niyyar sa shi a Play Store, ki karanta ƙa'idojin Google na manhajojin yara tukuna, domin sun fi tsanani a kan talla da tattara bayanai.