Ina ne Silent Hill 2 ya fi sosa rai?

Ka tambayi wurin da ya fi ban tausayi a wannan wasan bidiyon na kamfanin Konami na 2001. Wanda bai gama ba ya dakata nan.

Da yawa za su ce ɗaki 312 a otal ɗin Lakeview, inda James, jarumin wasan, ya kalli kaset ɗin bidiyo ya tuna shi ya danne matarsa Mary da matashin kai. Ni dogon barandan da ke gaba ya fi karya min zuciya: muryar Mary tana korarsa da furannin da ya kawo, sannan tana kuka tana roƙon kar ya tafi. Kar ka ruga a nan, tsaya ka ji har ƙarshe.

Labarin Angela, wata da James ke haɗuwa da ita a wasan, ya taɓo cin zarafi da kashe kai. Idan ya fama maka ciwo, ajiye wasan ka ga likitan ƙwaƙwalwa.