Yau in tono ƙasa, gobe in aske kan ƙwallo: ina matsalar take?

Tambaya: Shekara biyu ke nan ina buga golf, amma har yau idan na ɗaga sanda ban san abin da zai fito ba. Wani bugun in tono ƙasa, ƙwallo ta yi 'yan taku ta tsaya. Wani bugun in daki samanta, ta bi ƙasa da gudu. Abokan wasa kullum cewa suke ina ɗaga kai. Na danne kan har wuyana ya fara ciwo, babu canji. Ko dai in haƙura?

Amsa: Kada ka haƙura, malam. Kurakuran nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tushensu ɗaya. Kan sanda lilo yake yi, kuma kowane lilo yana da inda ya fi yin ƙasa. Da sandar ƙarfe, wato iron da ake buga ƙwallo daga kan ciyawa da ita, wurin nan gaban ƙwallo ya kamata ya faɗo: ƙwallo tukuna, sannan ciyawa. Kai naka a baya yake faɗowa. In sandar ta sami ƙasa, ka tono. In ta kuskure ta, to kafin ta iso ƙwallo ta riga ta fara hawa sama, sai gefenta ya daki tsakiya ko saman ƙwallon. Zan ɗauka da dama kake bugu; bahago sai ya juya bayanin.

Sai maganar danne kai. Babu shawarar da ta ɓata wa masu koyo wasa kamarta, kuma kowa malaminta ne, har wanda jiya-jiya ya sayi sanduna. Mutum ya aske ƙwallo, kafin ta tsaya an ce masa ya ɗaga kai. Alhali in an ɗauki bidiyo an rage gudunsa, sau da yawa za a ga idonsa na kan ƙwallo har sanda ta wuce. Abin da ya ɗaga gwiwar hannu ce da ta lanƙwashe, ko ƙugu da ya turo gaba jiki ya miƙe. Da ka cusa haɓa a ƙirji, kafaɗar hagu ta rasa hanyar wucewa, ƙirji ya daina juyawa, nauyi ya maƙale a ƙafar dama, hannuwa su lanƙwashe don neman wuri. Ka ga ke nan maganin shi ke ƙara ciwon. Ga wuya da ƙasan baya suna shan wahala, domin jiki na son juyawa kai ya ƙi. 'Yan wasan golf Annika Sorenstam da David Duval duk sun taɓa zama na ɗaya a duniya, kuma an san su da juya kai wajen da ƙwallo za ta tun kafin sanda ta same ta. Da za su je filin koyo a ɓoye, wani gwanin baki zai tsayar da su ya ce su danne kai. Ɗaga haɓarka, ka bar kai ya bi juyawar ƙirji.

Ƙanwar wannan kuskuren ita ce ƙoƙarin ɗebo ƙwallo sama da wuyan hannu, kamar da cokali. Fuskar sanda mai lamba 7 ta kwanta da digiri 30 da ɗoriya, ita za ta ɗaga maka. Naka shi ne bugawa ƙasa da gaba.

A tsayuwa, ƙwallo ta zauna tsakiyar ƙafafu ga gajerun sanduna, ta ɗan matsa hagu ga dogaye, kuma kullum a wuri ɗaya. Nauyi ya ɗan rinjaya hagu, kamar kashi 55 zuwa 60. Wajen ɗaga sanda juyawa za ka yi, kada ka zame dama. Lokacin bugu mafi yawan nauyi ya riga ya koma hagu, hannuwa na gaban kan sanda kaɗan.

Ja layi a kan ciyawa, ka tsaya yana tsakiyar ƙafafunka, ka yi rabin lilo sau 20 babu ƙwallo. Kowane tono ya fara daga layin ya yi gaba. Sai ka samu 15 cikin 20 sannan ka ɗora ƙwallo a kan layin. In a shimfiɗar roba kake koyo, ka sani tana rufa asiri: sanda kan daki baya ta zame ta sami ƙwallo, ka ɗauka ka gyaru. Shimfiɗa tawul a bayan ƙwallo, tazarar tafin hannu ɗaya. In ya motsa, ka faɗo baya. Shafa hoda a fuskar sanda kuma. In kullum tabon ƙwallo na fitowa kusa da inda kan sanda ya haɗu da mariƙi, wataƙila ka tsaya kusa da ƙwallo da yawa ko ƙugunka na turowa gaba.

Ciwon wuyan kuwa, in ka saki kai mako biyu bai lafa ba, ko ya fara sauka hannu, ajiye sanda ka ga likita.