Na Sayi Tsohuwar Motar Soja, Daga Ina Zan Fara Gyara Ta Don Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar motar sojan Amurka a gwanjo, samfurin M35A2 mai ƙafa shida. Injinta na tashi, kuma tana tafiya. Ina so in riƙa ɗaukar yashi, itace da amfanin gona da ita, wani lokaci har da tankin ruwa. Sai dai ba ta da gudu, sitiyarinta tauri, kuma wutarta volt 24 ce. Wani ya ce in cire injin in sa na zamani, wani ya ce in yanke ƙafa ɗaya ta baya, wani kuma ya ce in mayar da wutar 12. Kuɗina ba su da yawa. Da wanne zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Cikin shawarwarin nan uku da aka ba ka babu wadda zan fara da ita. Zan fara da birki, kuma ina roƙonka kada ka ɗora mata ko buhu ɗaya sai ka gama da shi.

Bari ka fahimci irin motar da ka saya. Kamfanin REO ne ya tsara dangin M35, suka shiga aikin soja a farkon shekarun 1950. An yi ta ne don ta ɗauki tan biyu da rabi a daji, ko kusan ninkin haka a kan titi mai kyau, tana tafiya a jerin gwano, ga kuma makanikai da aikinsu ke nan kullum su duba ta bisa jadawali. Yanzu jadawalin ya tafi, makanikan sun tafi, kai kaɗai ka rage. Motar da babu kaya ma nauyinta ya doshi tan shida.

Birkin yawancin waɗannan motoci layi ɗaya ne. Kana taka feda, masta ya tura mai, wata na'ura mai aiki da iska ta ƙara masa ƙarfi, sannan man ya rabu zuwa ƙafafu shida. Duk a hanya guda. Idan tiyo ɗaya ya fashe, ko bututun ƙarfe ya ci tsatsa ya huje, ko robar silinda ɗaya ta saki, to ba ƙafa ɗaya ka rasa ba, birkin gaba ɗaya ne ya tafi, fedar ta nutse har ƙasa. Motocin zamani layi biyu gare su, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe ka. Na taɓa shiga ƙarƙashin irin wannan mota da mai ita ke rantsuwa cewa birkinta kamar sabo. Na kama bututun da ya bi ta bayan maƙalinsa a jikin shasi, inda laka ke taruwa, na ɗan murza da yatsa biyu, sai ga mai yana tsattsafowa a hannuna. Daga waje fenti ne lafiya lau. Tun ranar ban ƙara yarda da birkin tsohuwar mota don kawai ya kama a tsakar gida ba.

Saboda haka ka canza duk tiyo na roba, ko da sun yi kyau a ido, domin roba daga ciki take ruɓewa. Ka buɗe ƙafafun shida ka duba silinda, takalman birki da sil ɗin da ke hana man aksil zubowa a kansu. Ka sake robobin masta da na'urar iskar, ka bi bututun ƙarfe taku-taku. Masta ɗin yana ƙarƙashin daɓen direba, wurin da ke da wahalar leƙawa, shi ya sa mutane ke mantawa da shi. Ka sa a ja masa ƙaramin gwangwanin mai a inda idonka zai riƙa gani kowace safiya. Gyara ne mai arha da nake ganin ya fi duk wani ado daraja. Ka kuma tabbatar da irin man da ke ciki kafin ka ƙara: sojoji sun yi amfani da DOT 5 na silikon, wanda galibi launinsa shunayya ne, kuma ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4. In za ka sauya, sai an wanke layin tas. Tankunan iska kuma a tsiyaye ruwansu duk yamma, sannan kada ka cire ƙararrawar da ke kuka idan iska ta yi ƙasa don ta dame ka. In daga baya ka sami hali da ƙwararren da ya san aikin, mayar da birkin layi biyu shi ne babban gyaran da zan sa wa hannu da zuciya ɗaya. Birkin hannu kuwa ɗan ganga ne a bayan giyar raba ƙarfi, na ajiye mota ne, ba zai tsayar da ita da lodi a gangare ba.

Na biyu tayoyi. Na asali 9.00-20 ne masu tib, da zanen soja da aka yi don laka da yashi. A kan kwalta mai ruwa suna sulɓi sosai, musamman idan baya babu kaya. Ka karanta lambar shekarar da ke gefen kowace taya. Zane mai kauri ba shaida ba ne, tayar da ta shekara goma sha tana zaune a rana ta gama aiki. Akwai kuma haɗarin da nake so ka ji da kyau: wilinta mai zobe ne. Idan zoben bai zauna daidai ba aka sa iska, yana iya fallowa da ƙarfin da ke kashe mutum nan take. Kada ka bari kowa ya hura ta sai a cikin keji ko an ɗaure ta da sarƙa, mai hurawa yana gefe da dogon tiyo.

Wasu na cire tayoyi bibbiyu na baya su sa manya ɗai-ɗai kamar 395/85R20. Wannan na ƙara ɗan gudu, yana kuma kyau a yashi, amma yana rage ƙarfin ja, yana ƙara wa birki aiki, ga sitiyari ya ƙara tauri. Ga mai ɗaukar lodi, tayoyin radiyal na manyan motoci masu girma kusa da na asali sun wadatar.

Yanzu injin, wanda aka ce ka jefar. Idan LDT-465 ne mai silinda shida, ƙarfinsa wajen doki 134 ne, ba mai yawa ba, amma jimirinsa ya sa har yau ake ganin motocin nan a hanya. Rashin gudun ma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Giyar aksil ɗinta 6.72 ce, wato farfela sai ta juya kusan sau bakwai kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi ya sa da ka kai wajen kilomita 90 a awa injin ya ƙure, yana gab da juyi 2,600 a minti. Ko ka sa sabon inji, muddin giya da tayoyi suna nan, gudun yana nan kusa da inda yake. Kuma in ka yi nasarar ƙara gudun, ka sami mota mai tan goma da lodi tana sheƙa gudu a kan birkin ganga na shekaru sittin da suka wuce. Ni dai ba zan so in haɗu da ita a hanya ba. Ka riƙe ta a 70 zuwa 75, za ta daɗe maka.

Abin da injin ke buƙata kulawa ce. Ka wanke tankin mai, ka canza matatan mai guda uku, ka duba lagireto da tiyoyinsa. Ka riƙa zare sandar baƙin mai kana shinshinawa. Idan man yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya tsinke yana warin gas, to gas ne ke zuba ciki daga famfon mai, sau da yawa ta wata 'yar na'ura da ke daidaita injin da kaurin man da aka zuba masa. Wannan yana cinye metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, a hankali ba tare da ka sani ba. Batun cewa tana shan kowane irin mai kuwa, gaskiya ne an tsara ta ta iya ƙona gas, kananzir, man jirgi, har da fetur idan an matsu. Amma don yaƙi aka yi hakan, lokacin da soja ba shi da zaɓi. Fetur ba ya shafa wa famfon mai maiƙo. Kai da ke neman abinci da ita, ka ba ta gas mai tsabta.

Wutar 24 ka bar ta yadda take. Kik, altaneta, famfon cikin tanki da agogon dashbod duk nata ne, sauya su asarar kuɗi ce. In kana son cajin waya ko rediyo, sayi na'urar da ke sauke 24 zuwa 12. Kada ka ja waya daga batir ɗaya, domin ɗaya zai riƙa yunwa ɗaya na ƙoshi, su mutu tare. Ka ƙara fitilu masu haske, sigina, fitilar ribas da manyan madubai.

Yanke ƙafar baya ana yin sa, motar ta koma ƙafa huɗu, ta fi sauƙin juyawa da ajiyewa. Masu yin haka galibi don sha'awa ne ko ƙaramin aiki. Kai lodi kake so. In ka cire aksil ɗaya ka zubar da ganga biyu na birki da babban kaso na abin da za ta iya ɗauka, wato ka sayar da ainihin abin da ka saya. Kuɗin ka kai su ga sitiyari mai taimakon mai, wanda ake haɗawa da famfo a jikin inji. Wanda ya wuni yana juya wannan mota da lodi a ƙuntataccen wuri zai gaya maka ba gata ba ne. Kafin ka samu, ka sa giris a duk gaɓoɓin gaba, ka cika iskar tayoyin, kuma ka riƙa murza sitiyari motar na ɗan motsi.

Sai lodi, inda na fi ganin ana cutar da motocin nan. Bodinta ya kai kusan mita 3.7 a tsawo da fiye da mita 2 a faɗi, kimanin murabba'in mita takwas. Busasshen yashi mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi ya kai tan ɗaya da rabi, jiƙaƙƙe ya fi haka. Iyakar da aka ba ta a titi kilo 4,500 ne. Ka lissafa: yashin da bai kai zurfin santimita 40 ba ya riga ya cika ma'auni, alhali ido na ganin kamar ba a fara lodi ba. A hanyar daji kuma rabin haka. Ka ja layi da fenti a cikin bodin, ka gaya wa masu lodi nan ne iyaka. Ruwa lissafinsa mai sauƙi ne, lita dubu tan ɗaya, ban da nauyin tankin. Lallai tankin ya kasance da shinge a ciki, ya zauna ƙasa-ƙasa, a ɗaure shi da noti a jikin shasi. Rabin tanki marar shinge ya fi cikakke haɗari, domin ruwan na tunkuɗa motar a kwana da lokacin taka birki.

Idan za ka mayar da ita tifa, a yi wa bodin nasa ƙaramin shasi a ɗora bisa na motar, famfon ɗagawa ya karɓi ƙarfi daga giya. Kada mai walda ya taɓa leɓen shasin sama ko na ƙasa, kada kuma a huda shi. Haɗi a gefe ake yi, da noti. In tana da winci a gaba, akwai ɗan ƙusa mai laushi a farfelarsa da aka yi don ya karye idan nauyi ya yi yawa. Ya karye, ka sa irinsa. Wanda ya maye gurbinsa da notin ƙarfe, wincin ko igiyar ce za ta karye a madadinsa, mutane kuma na tsaye kusa.

Ɗakin direba yana da zafi da ƙara mai lalata ji, don haka ka shimfiɗa abin tare zafi a daɓe, ka sa kujera mai kyau da bel, ka riƙa toshe kunne a doguwar tafiya. Kafin ta hau titi, ka goge lambobi da alamun soja, ka sake mata fenti, ka adana takardar gwanjon, ka je hukumar rajistar motoci ta ƙasarka ka ji ajin lasisi da inshorar da nauyinta ke buƙata, musamman tunda aikin kuɗi za ka yi da ita.

Ranar da ka gama birki da tayoyi, ka fita da ita babu kaya zuwa fili, ka taka birki da ƙarfi sau da yawa, ka sauko ka taɓa kowace ganga ka ji ko wata ta fi sauran zafi, ka leƙa bayan kowace ƙafa ko akwai danshin mai. Washegari ka maimaita da rabin lodi. In ka rubuto mini abin da ka gani, tare da lambar da ke jikin farantin injin, sai mu yi maganar sitiyarin dalla-dalla.