Ɗana ba ya iya magana a gaban mutane: kunyar da addini ya yaba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 7. A gida bakinsa ba ya shiru, amma da baƙo ya yi sallama sai ya shige ɗaki. A Islamiyya kuma ko hadda aka ce ya kawo, sai ya sunkuyar da kai. Mahaifinsa ya ce in ƙyale shi, kunya imani ce. Zan yi laifi idan na yi ƙoƙarin raba shi da wannan hali?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, babu laifi a kanki, lada ma za ki samu, domin wannan tarbiyya ce.

Maigidanki yana da hujja. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani Ba'ansare yana yi wa ɗan'uwansa faɗa kan kunya, sai ya ce masa ya ƙyale shi, kunya tana daga cikin imani. Sai dai malamai sun bayyana cewa kunyar da ake nufi ita ce mai hana mutum aikata mummuna. Wadda take hana shi tambaya ko faɗin abin da ya sani, rauni ce.

Dubi Abdullahi ɗan Umar. Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce take kama da musulmi. Abdullahi ya san dabino ce, amma ganin shi ne ƙarami a wurin, sai ya yi shiru. Da ya gaya wa mahaifinsa, Umar bai yaba masa shirun ba, ya ce da ya faɗa, da ya fi soyuwa gare shi fiye da kaza da kaza. Bai kuma zage shi ba.

Ku ma haka. Kada a dake shi, kada a riƙa kiransa “mai kunya” a gaban mutane, sunan yakan bi yaro har ya girma. Ki aike shi shagon unguwa, ki bari ya yi wasa da yaro ɗaya kafin taro, ki roƙi malaminsa ya fara karɓar haddarsa su biyu kawai. Yaron da ba ya tambaya a aji karatu yakan wuce shi, abokai su yi masa ƙaranci.

Idan kuwa ya shafe watanni ba ya furta komai a makaranta, ku kai shi likitan yara, a duba har da jinsa. In da can yana sakin jiki ne sannan ya janye farat ɗaya, ki bincika cikin lallashi ko wani yana cutar da shi. Wannan binciken wajibi ne a kanku.

Wallahu a'alamu.