Amsa kan dokin da ke zamewa a kwalta bayan an sa masa takalmi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Alhaji, na saurari saƙonka, inda ka ce tun da aka sa wa dokinka sabon takalmin ƙarfe yake zamewa a kan kwalta, har kana tunanin a yi masa waldar haƙora masu tsini a ƙasa domin ya riƙa kama hanya. Ina roƙonka ka dakata tukuna.

Abin da ya kamata mu fara ganewa shi ne, kofaton doki ba ya tsayawa cak da zarar ya taɓa ƙasa. Yakan ɗan zame gaba kaɗan kafin ya kafu, kuma wannan 'yar zamewar ce ke rage ƙarfin dukan da zai hau zuwa gaɓoɓi da jijiyoyi. Idan aka cika wa takalmi haƙora har ƙafa ta riƙa maƙalewa alhali nauyin jiki yana ci gaba da tafiya, to idon sawu da gwiwa ne za su biya bashin. A Amurka, bayan binciken da aka yi a Kalifoniya cikin shekarun 1990 ya danganta dogon haƙorin gaban takalmi da karayar dawakin tsere, hukumomin tsere sun taƙaita tsawonsa a ƙafafun gaba. Saboda haka kamun da ya wuce kima haɗari ne, kamar yadda santsi yake haɗari.

Ƙarfe sumul a kan kwalta ko siminti dole ya yi santsi, musamman idan an yi yayyafi. Maganinsa ƙarami ne. Akwai ƙusoshin da ake dasa wa ɗan ɗigon ƙarfen tungsten a kansu, wanda ya fi kwalta tauri, ɗaya ko biyu a kowane gefe, a ramukan ƙusa na ƙarshe ta wajen dunduniya, sun wadatar ga dokin da ke jan kaya a hanya. Amma a sa su dama da hagu daidai, don idan gefe ɗaya ya kama ɗaya ya zame, ƙafar murɗewa take yi a kowane taku. Dogayen ƙusoshi masu tsini, waɗanda ake ɗaurawa kamar noti, na ciyawa ne da taɓo, ga dawakin tsalle da na polo. Da an gama wasa ake kwance su, a toshe ramin da auduga don kada ƙasa ta cika shi. Na taɓa ganin dokin da aka bari ya kwana da su, da safe muka tarar ya tsaga fatar saman kofatonsa da ɗayar ƙafar.

Kafin a kai ga ƙusa ma, Alhaji, ka ɗaga ƙafar ka duba da idonka. Kofato yana tsiro kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, shi ya sa ake cire takalmi a gyara a mayar duk bayan mako 6 ko kusa da haka. Idan gaban kofato ya yi tsawo, dokin yakan yi tuntuɓe ko da wane irin takalmi ne a ƙafarsa. Ka duba tsokar nan mai taushi da ke tsakiyar tafin, mai kama da bakin mashi, domin ita ma tana taimakawa wajen kama ƙasa, kuma wasu maƙera sukan fere ta fiye da kima don aiki ya yi kyan gani. Ka duba kuma ko takalmin yana da kwarmin nan da ake yi a zagayensa, wanda ƙasa ke cikawa ta ba shi kamu. Ƙusa kada ta wuce inda kofato ya fi faɗi zuwa baya, saboda dunduniya tana buɗewa tana rufewa a kowane taku.

Ni a ganina, dokin da yawancin aikinsa a kan rairayi ne ko ƙasa mai laushi, kuma kofatonsa ba ya cinyewa fiye da yadda yake tsiro, ya fi kama ƙasa ba takalmi. Naka kuwa tunda kullum yana kan kwalta, ka kira maƙerin ya kalle shi yana tafiya a kanta kafin ya taɓa magagari. Ka turo mana hoton tafin ƙafafun gaba, da kuma hotonsu daga gefe yana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. Wassalam.